Tambayi Tsohuwar Malama: "An miƙa mini makullin aji ɗaya, ta ina zan fara?"

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk na sababbin malamai ne, waɗanda za su riƙe aji na kansu a karon farko. Na ɗauki uku. Ta farkon ce za ta cinye mafi yawan filin, domin abin da ta tambaya shi ne ke cin sauran a rai, ko da ba su faɗa ba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Mama. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni sabuwar malama ce, bana na gama kwalejin horar da malamai, aka ɗauke ni aiki a wata firamare. Shugaban makaranta ya ba ni aji ɗaya, yara 'yan shekara shida, su 36 a rajista. Saura mako biyu a dawo hutu, an riga an ba ni makulli. Da na buɗe sai na tarar da ɗaki fayau: allo a gaba, tagogi uku a gefe guda, ƙofa ɗaya, kabad mai karyayyen marfi, ƙaton teburin malami, sai tebura da bencina an jibge a lungu.

Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Kullum dare ina kan waya ina kallon azuzuwan wasu malamai a Facebook da Pinterest, bango duk launi, har rufi an rataye abubuwa, sai in ji kamar ni ban iya komai ba. Na sayi kwali da gam da almakashi, na yanka haruffa, da lambobi 1 zuwa 100, da sunayen watanni, da dabbobi, na kuma rubuta dokokin aji goma sha biyar. Yatsana har ya yi kanta, amma gani nake bai isa ba.

A kwaleji an koya mana rubuta tsarin darasi, amma ba wanda ya taɓa gaya mana inda ake ajiye tebur. Mama, me zan liƙa, yaya zan jera kujeru, kuma me zan yi da yara 36 idan suka shigo suka zuba mini ido?

Sabuwar malama mai fargaba

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da shigowa cikinmu, Allah ya sa ki fara a sa'a. Kafin komai, mayar da almakashin nan jaka ki kwanta ki yi barci. Kwalin da kika yanka ya isa, har ya yi yawa.

Sake buɗe hotunan da ke hana ki barci ki duba da kyau. Akwai abin da babu a cikinsu: yara. An ɗauke su ne ɗaki a share, kujeru a jere, kafin kowa ya taka ƙofar. Ba a sanin aji ya shiryu sai ranar da yara 36 suka nufo ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da jaka a baya, biyu suna kuka, ɗaya fitsari ya matse shi, ɗaya kuma ya riga ya zauna a wurin da wani ya ce nasa ne. Shirin aji shi ne ki san tun yau inda kowannensu zai bi, inda zai ajiye abin da ke hannunsa, da abin da zai yi in ya zauna. Ado daga baya yake zuwa, kuma mafi yawansa ba ke za ki yi ba.

Gobe ki koma ajin ba kwali ba gam, kuma ki je daidai lokacin da za a riƙa karatu, ba da yamma ba, domin rana tana sauya wuri. Ki jawo benci ki zauna, ko ma ki durƙusa. Ɗan shekara shida tsawonsa kusan santimita 115 ne, in ya zauna kuma idonsa ya ƙara yin ƙasa. Daga nan ki kalli ɗakin. Rubuta harafi a allo da girman da kika saba, ki je can ƙarshe ki ga ko yana karantuwa. Ki gwada wannan kusurwa, ki gwada waccan: akwai wurin da hasken taga ke faɗawa kan allo ya shanye rubutu, kuma yaron da ya zauna a nan ba zai ce miki ba ya gani ba, domin a zatonsa haka allo yake ga kowa. Daga durƙuson ki miƙa hannu ki ga iya inda ya kai. Duk abin da kike so yaro ya ɗauka da kansa, kada ya wuce nan.

Dabarar tsohuwa ce. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, da ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907, cikin abubuwan da ta fara sauyawa har da kayan ɗaki. Ta kawar da manyan tebura masu nauyi, ta sa aka ƙera ƙananan kujeru da tebura waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa, ta sauko da kantoci inda ƙaramin hannu zai kai. Ba sai kin bi tsarinta na koyarwa ba kafin ki ɗauki wannan. In bencinanki sun yi wa yara tsawo har ƙafafu na lilo, nemi katako ko bulo a sa musu su taka. Yaron da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, rubutunsa ba ya tsayuwa, sai a yi ta cewa ƙiriniya ce.

Sai bango, tunda shi ya fi damun ki. A 2014 Anna Fisher da abokan aikinta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun ɗauki yara 24 'yan ajin share fagen firamare, suka koya musu darussan kimiyya shida, uku a ɗakin da aka cika da ado, uku a ɗaki mai bango wayam. A ɗakin ado, kusan kashi 39 cikin ɗari na lokacin hankalin yaran yana wani wuri. A ɗayan kashi 28. Da aka yi musu tambayoyi, kashi 42 suka ci a darussan ɗakin ado, kashi 55 a na ɗayan. Yara 24 ba su da yawa, ba zan ce da su an gama magana ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙananan yara ya san haka abin yake: babba yana iya kawar da ido daga abin da bai shafe shi ba, ƙaramin yaro bai gama koyon haka ba. Duk abin da kika liƙa, takara yake yi da ke wajen neman idonsa.

Kada kuma ki ce to shi ke nan, a bar ɗaki fayau. Wani babban bincike na Jami'ar Salford a Ingila, wanda Peter Barrett ya jagoranta aka fitar a 2015, ya bi azuzuwa 153 a makarantu 27, yara 3,766. Sun gano cewa yanayin ɗaki yana da hannu a kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban da yara suka samu cikin shekara guda, kuma ɗakin da ya fi taimaka wa karatu shi ne matsakaici, ba cunkus ba, ba wayam ba. Shawararsu a bar kashi 20 zuwa 50 na bango babu komai. Abin da nake so ki riƙe daga binciken nan kuwa shi ne, kusan rabin wannan tasiri daga haske ne da iska da zafi ko sanyin ɗaki. Wato tagogin nan naki uku sun fi duk kwalin da kika yanka daraja. Kada ki liƙa komai a kansu, kada ki tokare su da kabad, ki tabbatar suna buɗuwa.

To me za ki liƙa? Bangon allo shi ya kamata ya fi kowanne rashin hayaniya. Haruffa a jere, ƙasa-ƙasa inda yaro zai tashi ya ɗora yatsa a kai, da lambobi 1 zuwa 20. Ni na fi son a liƙa harafi ranar da aka koyar da shi, a gaban yara, domin abin da suka ga an liƙa shi suke komawa su duba. Wanda suka tarar tun ranar farko, bayan mako guda ya zama fenti. A gefe ki sa jadawalin yini da hotuna: littafi, lambobi, ƙwallo, ƙofa. Wannan ɗan abu yana rage kuka ƙwarai, domin tambayar da ke ran ɗan aji ɗaya ita ce "yaushe za a tashi?", in kuwa yana ganin saura hoto biyu sai hankalinsa ya kwanta. Lambobin nan har 100, da watanni, da dabbobi, ɗaure su ki sa a kabad, kowanne ya fito ranar darasinsa. Bangon baya ki ja igiya biyu ki bar shi haka. Na yara ne, kuma aikin kowa zai hau, ba na masu kyan hannu kaɗai ba.

Dokoki goma sha biyar kuma, 'yata, wa zai karanta? Mutanen da kike jira ko bihim ba su sani ba tukuna. Uku sun isa, kowacce da hoto, kuma a faɗi abin da ake so a yi: muna sauraro in wani yana magana; hannunmu da ƙafarmu a jikinmu; muna mayar da kaya inda muka ɗauko. Sauran goma sha biyun, in kin duba, hanyoyin yin abu ne, kuma irin waɗannan koyar da su ake yi, ba liƙawa ba. Za mu zo kansu.

Ƙaton teburin nan tura shi kusurwa, inda in kin zauna za ki ga ƙofa, ki ga kowane kai. Da ma malamar aji ɗaya ba ta cika zama ba. In ya tsaya tsakaninki da yara, ya cinye wurin da ya fi ko'ina amfani a ɗakin, wato gaban allo. Jacob Kounin, wanda ya ɗauki azuzuwa da dama a bidiyo ya yi ta nazari har ya fitar da sakamako a 1970, ya lura cewa malaman da ajinsu ke tafiya lami lafiya ba su fi sauran iya horo ba in ɓarna ta auku. Inda suka fi su shi ne ɓarnar ba ta kai ga aukuwa, domin yara sun san malami yana ganin kowane lungu, kuma sunan wanda ya fara yake kira, ba na wanda ya rama ba. Saboda haka kada a samu lungun da kabad ko marfin ƙofa ya ɓoye miki. Ki kuma saba rubutu a allo a karkace, kafaɗa ɗaya wajen yara.

Filin da teburin ya bari ki shimfiɗa tabarma, in babu ki zana iyaka da alli a ƙasa. Nan za ki riƙa tara su don labari da sabon darasi, kusa da ke, ba fensir a hannu, ba jaka. Tasowa daga benci zuwa tabarma da komawa shi kansa magani ne. Ɗan shekara shida in ya yi minti goma zuwa sha biyar a kan abu ɗaya, jikinsa ya fara neman motsi, ko ki ba shi ko ya ƙwata.

Maganar jeri. Na san a kwaleji an yaba muku zaman rukuni-rukuni, yara suna fuskantar juna, kuma yana da ranarsa, ranar da aikin na haɗin gwiwa ne. Amma Kevin Wheldall da abokan aikinsa a Ingila sun gwada tun farkon shekarun 1980: yaran da ke zaune rukuni-rukuni aka mayar da su layi-layi, sai natsuwarsu a kan aikin da kowa ke yi shi kaɗai ta ƙaru, kuma waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda da ma suka fi shagala. Dalilin a fili yake: wanda kika sa ya fuskanci abokinsa, kin ce masa ya yi hira. Ga kuma wani abu da ya shafi aji ɗaya musamman. Yaron da ya ba allo gefe ko baya, sai ya juyo ya kalli harafi ya koma ya rubuta, aikin ya zame masa biyu, alhali b da d da ma suna rikita masu fara rubutu, balle an ƙara ɓ da ɗ. Don haka fara da biyu-biyu ko uku-uku suna fuskantar allo, da hanya tsakanin layuka wadda za ki bi ki isa kan kowane yaro ba tare da kin tashi wani ba. In kin san halinsu, sai ki riƙa juya bencin gaba ya fuskanci na baya lokacin aikin rukuni, a mayar in an gama.

Ke za ki ba kowa wurinsa. In kika ce kowa ya zauna inda yake so, masu ƙarfi su kwashe gaba, masu kunya su taru a baya, ke kuma ki kasa riƙe suna. Katin suna a kan tebur, da 'yar alama kusa da sunan, tauraro ko kifi ko ganye, irin alamar kuma a littafinsa da wurin rataye jakarsa, tunda bai iya karanta sunansa ba tukuna. Tsarin zaman ki rubuta da fensir, domin za ki goge. A makon farko ki sa ido kan mai ƙanƙance ido in ya kalli allo, da mai karkata kai yana kallon bakinki, da wanda sai ya ga abin da na kusa ya yi sannan ya yi. Waɗannan a dawo da su gaba, a gaya wa iyaye a duba musu ido ko kunne. Bahago kusan ɗaya cikin goma ne, saboda haka ki sa ran uku ko huɗu. Zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, kuma ki bar shi da hannunsa.

In kin gama jeri, fita waje ki sake shigowa a matsayin yaro. Ina zan ajiye jaka? Ina gorar ruwa? Littafina wa zai ba ni? Na gama aiki, ina zan kai, sannan me zan yi? Duk tambayar da ɗakin bai amsa ba, ke za a yi wa ita, sau 36, a tsakiyar darasi. Duk inda hanyoyi biyu suka haɗu kuma, nan faɗa zai tashi. Kada wurin jaka ya zama daf da ƙofa, kada kwandon shara ya zama gaban allo, kada littattafai su taru wuri ɗaya. Raba su, kowane layi da kwalinsa. Almakashi da gam da duk abin da ke yanka ko ake iya haɗiyewa, kabad, can sama. Ki matsa a gyara marfin nan kafin a dawo, ki kuma bi bencina ɗaya-ɗaya ki nemo ƙusoshin da suka leƙo.

Yanzu babban aikin, wanda ba ya fitowa a hoto. A 1980 Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson sun fitar da abin da aka gani a azuzuwan malamai 27 na aji uku a jihar Texas, inda aka bi su tun daga ranar farko ta shekarar karatu. Malaman da ajinsu ya zauna lafiya har ƙarshen shekara, tun a makonni ukun farko aka gane su. Sun koyar da yadda ake shiga, yadda ake jera layi, yadda ake neman izini, kamar yadda ake koyar da lissafi: a faɗa, a nuna, yara su gwada, a gyara, a sake. Sauran malaman su ma suna da dokoki, sai dai faɗa kawai suka yi suka wuce.

A aikace ke nan, ba za ki ce "ku jera layi" ki tsaya jira ba. Za ki kira yara uku su nuna, sauran suna kallo. Ki sa ɗaya ya yi ba daidai ba da gangan, a yi dariya, a gyara. Sannan layin farko ya tashi ya gwada. In sun ruga da gudu, ba tsawa, a dawo a sake, fuskarki a sake. Za ki ji kamar kina cinye lokacin manhaja a banza. Yi lissafi: minti biyar da ke zubewa a kowane sauyin aiki, sau shida a yini, rabin awa ke nan kullum. Tara na zango guda ki gani.

Abu biyu kada ranar farko ta wuce ba ki koyar ba. Na ɗaya alamar shiru. Tafi uku su amsa da uku, ko ki ɗaga hannu su ɗaga, wadda kika zaɓa dai, amma guda ɗaya, kuma kada ki buɗe baki sai ɗakin ya yi tsit, ko da jiran ya yi miki tsawo. Ranar da kika yi magana a kan surutu, kin koya musu cewa alamar wasa ce. Na biyu ban ɗaki. Kafin awa ta farko ta cika ki kai su gaba ɗaya su ga inda yake, su ga wurin wanke hannu, ki ba su alamar hannu da za su yi ba sai sun yi magana ba. Ɗan aji ɗaya in ya ce ya matsu, ya matsu. Kada ki ce ya jira a fita tara. Ajiye wando ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana a kabad, in tsautsayi ya gifta a rufa masa asiri ba tare da aji ya sani ba.

Ranar kanta, a bakin ƙofa za ki tsaya, ba gaban allo ba. Ki rage tsawo, ki tambayi suna, ki maimaita shi yadda ya faɗa. Ki tambayi wanda ya kawo shi sunan da ake kiran sa da shi a gida, domin wani yaron na rajista bai saba jin sa ba, ki yi ta kira yana kallon ki. Nuna masa wurinsa. A kan kowane tebur takarda da fensirin kala suna jira: kowa ya zana kansa. Wannan zai riƙe waɗanda suka riga zuwa yayin da kike karɓar na baya, ke kuma jarrabawa kike yi ba su sani ba. Za ki ga wanda ya iya riƙe fensir, da wanda ya damƙe shi da dukkan hannu, da wanda ya rubuta sunansa, da wanda ko taɓa takardar bai yi ba. Sa kwanan wata a baya. Kafin a tashi ki rataye su duka a igiyar nan, bangonki ya cika.

Masu kuka: iyaye kada su daɗe, kada kuma su sulale. Su yi sallama, su faɗi lokacin dawowa, su tafi. Ki ba mai kukan aiki, ya riƙe miki dasta ko ya raba takardu. Yawanci kafin a fita tara sun manta.

Shirya abin yi fiye da yadda kike zaton za a buƙata, gajeru-gajeru, zama da motsi suna karɓa-karɓa: waƙa, labari, zagaya makaranta, ƙirga tagogi. Minti ashirin kafin ƙararrawa ki fara haɗa kaya, domin tashi ya fi shiga haɗari. Tun da safe ki rubuta wanda zai zo ɗaukar kowane yaro da lambar wayarsa, da duk mai wata lalura kamar asma ko sikila ko farfaɗiya, kuma kada ki saki yaro ga wanda ba ya cikin takardar sai da sanin shugaban makaranta.

Malamar ajin da ke kusa da naki da mai share ɗakin, ki je ki gaishe su tun kafin a dawo. Su suka san inda ake samun alli in ya ƙare, da tagar da ruwa ke shigowa ta ita.

TAMBAYA

Mama, barka da aiki. Ni malamin aji biyu ne, wannan ne zangona na farko. Rabin darasi a kan fensir yake ƙarewa: wannan nasa ya ɓace, wancan an ɗauke masa, uku suna tsaye wajen fiƙewa. Na gaji da shari'a.

Malam mai neman mafita

AMSA

Ɗana, bar shari'ar, ka kashe tushenta. Fensir ya zama na aji, ba na mutum ba. Gwangwani biyu, ɗaya na fiƙaƙƙu, ɗaya na waɗanda suka dakushe. Wanda nasa ya karye ya ɗaga shi sama, ka gyaɗa kai, ya je ya musanya ya dawo, ba magana. Ba a fiƙewa lokacin darasi. Yara biyu su yi da safe, aikin yana zagayawa mako-mako, kuma da abin fiƙewa, ba da reza ba. A ƙirga wa kowane layi nasa da safe, a sake ƙirgawa kafin a fita. Sanar da iyaye tun farko. Wanda aka saya wa na musamman ya bar shi a gida ya yi jinga da shi.

TAMBAYA

Mama, shawarwarin da nake karantawa duk na masu yara talatin ne. Ni 74 gare ni a aji ɗaya, ko wurin taka ƙafa babu, balle tabarma. Ni ma akwai abin da zan iya shiryawa?

Wata malama da muryarta ta dishe

AMSA

Sannu, 'yata, Allah ya ba ki lada. Ba zan yaudare ki ba, yawa yana cutarwa, musamman a ƙananan azuzuwa. A gwajin da jihar Tennessee ta Amurka ta fara a 1985, an raba yara tsakanin azuzuwa masu 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, kuma na ƙananan azuzuwan sun fi a karatu da lissafi, 'ya'yan marasa ƙarfi suka fi kowa amfana. Can 25 ne babban aji. Saboda haka ki ci gaba da neman a raba ajin nan, a rubuce, ba da baki kawai ba.

Kafin nan, hanya ɗaya a tsakiya daga allo har bangon baya, ko ta halin ƙaƙa, ko da sai an fitar da teburinki waje. Jakunkuna su bar ƙasa su koma jikin bango. Layuka su riƙa juyawa duk mako, na baya ya dawo gaba, ban da masu matsalar ido ko kunne. Raba su rukuni takwas, kowane rukuni da sunansa da shugabansa mai sauyawa, shi ke karɓa shi ke rabawa, sai ki zama da mutum takwas kike hulɗar kaya, ba 74 ba. Wani ɓangaren darasin ki yi shi daga tsakiyar ɗaki ko daga baya, muryarki ma ta huta.

Abin da na fi jiye miki shi ne amsar taro. Aji ya ɗauka baki ɗaya, ki ji daɗi, alhali goma ne suka sani, sauran bin sauti suke. In da ƙananan alluna, kowa ya rubuta ya ɗaga, da kallo ɗaya kin ga wanda ya gane. In kin yi tambaya kuma ki jira. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su amsa da kansu ko su kira wani. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu.

Sannan ki ari dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda ke gwada yara ɗaya-ɗaya da takarda guda: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai labari, a ga inda kowa ya tsaya. Ki kira biyar a rana yayin da sauran ke rubutu. Cikin mako uku kin ji muryar kowa, kuma da wannan takardar za ki sake raba rukunonin, ba da rajista ba.